Na yarda ana bina bashi, amma nawa?

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a duk abin da na koya a rayuwata babu wanda na iya kamar aikin wankin ƙoda. Wani asibiti mai zaman kansa ne ya biya aka koya mini. Da wannan na fara, domin kada abin da zai biyo baya ya sa wani ya ɗauka ina musun alherin da aka yi mini. An yi mini alheri, har gobe ina ci da shi. Abin da ya haɗa ni rigima da asibitin shi ne farashin da suka sa wa alherin ranar da na ce zan tafi, da hannun da suka riƙa sawa a albashina tun kafin ranar ta zo.

Ina aiki a ɗakin kwantar da marasa lafiya lokacin da asibitin ya sayo injinan wankin ƙoda. Aka zaɓi mu huɗu, aka ce za a tura mu kwas na wata 3 a wata cibiya, asibiti zai biya kuɗin karatu da na hanya da masauki, albashi kuma ba zai tsaya ba. Na yi murna ƙwarai. Kafin tafiya aka kira mu ofishin kula da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa wa kowacce takardar yarjejeniya.

Na karanta ta tsaf. Ta ce zan yi wa asibitin aiki shekara 3 bayan na dawo. In na bar aiki kafin nan, ko da wane dalili, zan mayar da dukan abin da aka kashe wajen horar da ni, kuma asibiti yana da ikon karɓar kuɗinsa daga duk wani haƙƙina da ke hannunsa. Babu adadi ko ɗaya a cikinta. Na ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, nawa ne wannan dukan abin da aka kashe?" Ya ce ai ba a kashe ba tukuna balle a sani, in mun dawo za a haɗa lissafi a ba kowa nata. Maganar ta shiga hankali, kuma har yau ba na jin yaudara ya nufa. Sai dai lissafin bai taɓa zuwa ba. Da muka dawo na tuna masa, ya ce akanta bai gama ba, daga baya shi kansa ya bar wurin. Sharaɗi na ƙarshe shi ne takardar shaidar kwas ɗin, ta asali, za ta zauna a ofishinsu har wa'adi ya cika. Kwafi kawai aka ba mu.

Bari in ɗan tsaya a kan aikin kansa, domin wanda bai san shi ba zai ɗauka danna maɓalli ne kawai. Mutumin da ƙodarsa ta daina aiki yakan zo sau 3 a mako, kowane zuwa ya yi wajen awa 4 jininsa yana fita ta roba, ya ratsa matatar injin, ya koma jikinsa. Kafin ya zauna sai an auna nauyinsa an san ruwan da ya taru masa tun zuwansa na baya, domin shi za a janye. In kika janye da gaggawa jininsa ya yi ƙasa, ƙafafu su ɗaure masa, wani har ya suma a kan kujera. In kika bar ruwan da yawa, ya koma gida numfashi yana yi masa wuya. Akwai jijiyar da likitan fiɗa yake haɗa musu a hannu domin wannan aikin, rayuwar mutum a kanta take, allurar da ake sawa kuma kauri gare ta, hannun da bai ƙware ba yana iya lalata jijiyar. Ga maganin hana jini daskarewa da ake aunawa daidai, ga ruwan da injin ke sha wanda dole a tace shi a riƙa gwada shi, ga masu ciwon hanta nau'in B da ake ware wa nasu injin. Wani na koya a kwas, mafi yawa kuwa a tsaye a kan marasa lafiya na koya. Mutanen da kike gani sau 3 a mako shekara da shekaru kuma sun wuce majinyata. Kin san sunayen jikokinsu, su ma sun san ranar da ɗanki ya kwana da zazzaɓi.

Shekarar farko lafiya lau. A ta biyu sai mutum biyu daga cikinmu suka tafi, ɗaya ta sami aiki a ƙasar waje, ɗaya aure ya ɗauke ta. Ba a ɗauki kowa a madadinsu ba. Injinan da mu huɗu muke kula da su suka dawo kanmu mu biyu, da kiran dare, da ranakun hutun da suka koma na aiki. Albashi ya fara jinkiri. A cikin wannan halin ne na karɓi takardar albashi na ga sabon layi a ƙasa, an cire kashi 10 cikin 100, an rubuta "sauran abubuwa".

Na ɗauki takardar na je wurin akanta na ce, "Malam, wannan fa?" Ya ce umarni ne daga sama. Tunda waɗanda suka tafi ba su biya ba, an yanke shawarar a riƙa ajiye wani abu daga albashin waɗanda suka rage a matsayin jingina, in mun cika wa'adi a mayar mana. Na ce, "To ni da nake nan ina aikin mutum biyu, ni za a kama da laifin wadda ta tafi?" Ya ce, "Sista, ni rubutawa kawai nake yi." Gaskiya ya faɗa, ban taɓa riƙe shi a zuci ba.

Babu wanda ya nemi yardata, babu takardar da na sa wa hannu a kan wannan yankan. Wata 8 ana yi. Mai albashi mai yalwa zai ga kashi 10 ba wani abu ba ne. A gidanmu shi ne maganin mahaifiyata na wata-wata. Na shiga rance a hannun 'yan uwa don in cike gurbin kuɗin da nawa ne, yana kwance a asusun wani. Kuma kullum safiya in shiga sashen da sanin cewa wurin da na ba wa darena da ranata ya riga ya ɗauke ni mai shirin gudu. Wannan ya ci mini rai fiye da yadda zan iya faɗa.

Da na kusa cika shekara 2 sai na sami gurbi a wata cibiyar wankin ƙoda kusa da inda mahaifiyata take, wurin da ke da isassun ma'aikata. Na rubuta takardar barin aiki, na ba da notis na wata guda kamar yadda ƙa'ida ta ce, watan da ya cika mini shekara 2 cif. Na yi watan ina aiki, har ina koya wa wata ƙaramar ma'aikaciya da aka turo sashen. A cikin takardar na rubuta da hannuna cewa na san akwai sauran shekara guda a wa'adina, a gaya mini abin da ya hau kaina in biya.

Amsar layi kaɗan ce. Adadin da suka rubuta ya kai albashina na wata 14, a biya cikin kwana 30, in ba haka ba za a miƙa maganar ga lauya, a kuma kai ƙarata hukumar da ke ba mu lasisi. Ƙarshen wata ya zo, ko sisi bai shiga asusuna ba, takardar albashi ta nuna an cire duka. Takardar shaida kuwa aka ce ba za ta fita ba sai na biya. Sabon wurin aikina kuma sun ce sai sun ga ta asali kafin su tabbatar da ni.

Na je wurin shugabar ma'aikatan jinya, dattijuwar da muke kira Mama, wadda ita ta sa sunana cikin masu tafiya kwas tun farko. Ta ce, "'Yata, wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi masa aski." Na ce, "Mama, shekara 2 ina askin nan. Bai rage komai ba ke nan?" Ta yi shiru, sannan ta ce ba ita ke da iko ba, kuma ita ma adadin ya yi mata yawa.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Ni a kan tsoron bashi aka tarbiyyantar da ni. Maigidana ya ce mu sayar da abin da za mu iya sayarwa mu rabu da su, kwanciyar hankalina ta fi. Yayana ya ce kada in biya ko sisi, su je duk inda za su je. Duka biyun ba su kwanta mini ba. Na yarda ana bina, ba na son in tsaya gaban Allah da haƙƙin kowa a wuyana. Amma ayar bashi, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, cewa ta yi a rubuta shi, kuma wanda bashin ke kansa shi zai faɗi abin da za a rubuta. Nawa kuwa mai bi ne ya rubuta shi kaɗai, bayan shekara 2, sannan ya miƙa hannu ya fara biyan kansa. Da na gane wannan sai kunyar da nake ji ta ragu. Tambayar "nawa ne, kuma ta yaya aka kai ga haka" ba butulci ba ce.

Wata tsohuwar abokiyar aikina da nake kira Yaya ita ta haɗa ni da wani jami'in ƙungiyarmu ta ƙwadago. Dattijo ne mai haƙurin sauraro. Da na gama, ya raba maganar gida biyu. Ya ce, "Malama, ko ana binki ko ba a binki, tambaya ce guda. Ko suna da ikon ɗiba daga albashinki, wannan wata tambaya ce daban. Mutum yana iya binki bashin gaskiya, kuma ya karya doka a hanyar da ya bi ya karɓa."

A bakinsa na fara jin cewa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, tana da yarjejeniya mai lamba 95 ta shekarar 1949 a kan kare albashi. Sashe na 8 ya ce ba a cire komai daga albashi sai bisa sharaɗi da iyakar da dokar ƙasa, ko yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata, ko hukuncin masu sulhu ya tsara, kuma dole a sanar da ma'aikaci. Sashe na 12 ya ce a biya albashi a kan kari, in aiki ya ƙare kuma a sallami mutum da dukan haƙƙinsa ba tare da jan lokaci ba. Shawarar da ta zo tare da ita, mai lamba 85, ta ce a taƙaita yanka ta yadda ba zai taɓa abin da ma'aikaci da iyalinsa za su rayu da shi ba. Ya gargaɗe ni cewa ba wannan takardar za mu ɗauka mu kai gaban mai sulhu ba, dokar ƙasa da abin da aka sa wa hannu su ne abin riƙo, sai dai dokokin ƙasashe da yawa a kan wannan turbar aka gina su. Da muka zo kan takardar shaidata sai fuskarsa ta canza. Ya ce cikin alamomi 11 da ILO ta lissafa na aikin tilas akwai riƙe albashi, akwai ɗaure mutum da bashi, akwai riƙe masa takardunsa irin su fasfo. Ya ce ba yana cewa bautar da ni aka yi ba, kuma tawa ba fasfo ba ce, amma takardar da sai da ita za ki ci abinci, in aka riƙe ta, aikin da take yi ke nan.

Da yake barci ya ƙaurace mini, na shiga karatu a intanet, ina neman sanin yadda wasu suka yi da irin wannan. Na tarar abin ya game duniya, kuma 'yan sana'armu suna cikin waɗanda ya fi ci. A 2019 wata kotun tarayya a birnin New York na Amurka ta yi hukunci a shari'ar ma'aikatan jinya 'yan Filifin sama da 200, waɗanda aka sa wa tarar dala 25,000 in suka bar aiki kafin wa'adi. Kotun ta ce tarar ba ta halatta ba, kuma barazanar da ake yi musu da ita ta saɓa wa dokar hana fataucin mutane. Na karanta wannan hawaye na zuba, domin na san tsoron da ya sa su zama. Amma na ga ɗaya gefen ma. A 2025 Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar da sharaɗin wani bankin gwamnati na cewa ma'aikacin da ya tafi kafin shekara 3 zai biya rupi 200,000. Ashe kotuna ba su ƙi irin wannan yarjejeniya ba, abin da suke dubawa shi ne ko adadin ya yi daidai da hankali.

Tsarin Jamus ne ya fi tsaya mini a rai. Kotun ƙwadago ta tarayyar ƙasar ta daɗe da auna tsawon ɗauri, wato wa'adin da ma'aikaci zai zauna a bakin aiki, da tsawon horon da aka ba shi. Horon da bai wuce wata guda ba, ɗaurinsa kada ya wuce wata 6. Na wata 2, shekara guda. Na wata 3 zuwa 4, shekara 2. Ko horon ya haura shekara 2, ɗauri ba ya wuce shekara 5. Bashin kuma dole ya riƙa raguwa gwargwadon aikin da aka yi, dole a bayyana irin kuɗin da ake magana a kai tun farko, kuma sharaɗin da bai bambance wanda ya tafi don son ransa da wanda mai aikin ne ya jawo tafiyarsa ba, kotu tana watsi da shi. A Birtaniya sashe na 13 na dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996 ya hana cire kuɗi daga albashi sai in doka ta ce, ko yarjejeniyar aiki ta tanada, ko ma'aikaci ya amince a rubuce tun kafin a cire. Ƙa'idar ƙasar ta ɗauko ma'aikatan lafiya daga waje ita ma ta ce sharaɗin mayar da kuɗi ya kasance a bayyane, daidai da abin da aka kashe, yana raguwa da lokaci, kuma a yi sassauci in dalilin tafiyar ya fi ƙarfin mutum. Ƙasashe ne daban-daban, amma hankalinsu ya taru wuri guda, kuma wurin nan shi ne abin da na tambayi Mama ban san doka ba.

Muka rubuta wa asibitin takarda muna neman a warware adadin dalla-dalla, kowane layi da rasit ɗinsa. Ba su amsa ba sai da muka kai koke ofishin ƙwadago aka sa ranar zaman sulhu. Sannan lissafin da na nema tun kafin tafiya kwas ya fito.

Kuɗin karatu da na hanya da masauki sun tashi daidai albashina na wata 3, da rasit ɗinsu, babu gardama. Sai albashin wata 3 da aka biya ni ina kwas. Jimla albashin wata 6. Sauran wata 8 ɗin fa? Akwai kuɗin horon da kamfanin da ya sayar da injinan ya yi mana a cikin asibitin, horon da ya zo kyauta tare da cinikin, kowa ya sani. Akwai kuɗin neman wadda za ta maye gurbina, alhali waɗanda suka tafi gabana ma ba a maye gurbinsu ba. Akwai kuɗin ruwa da aka ɗora wa bashin, wanda babu inda aka ambace shi a yarjejeniya. Akwai wani layi da aka kira asarar da asibiti zai yi. Mafi girma kuma, wanda ya fi sosa mini rai, shi ne abin da suka kira horon cikin gida na wata 6. Watannin farko ne bayan dawowarmu. A watannin nan ni nake sa allura, ni nake rubuta rahoto, ni ake kira da dare in injin ya yi ƙara, majinyata kuma suna biyan cikakken kuɗi. Babu wanda ya fi mu sanin aikin a sashen balle ya horar da mu, likitan ƙoda lokaci-lokaci yake zuwa. Aikin da na yi musu aka juya aka kira shi karatu, aka ce in biya.

A zaman sulhun lauyan asibitin ya riƙe kalmomin nan biyu, "dukan abin da aka kashe" da "ko da wane dalili", ya nuna sa hannuna a ƙasa. Ban musa ba, hannuna ne. Mai sulhun, wata mata mai magana a hankali, ba ta yi jayayya da shi a kan wannan ba. Cewa ta yi tunda takardar "abin da aka kashe" ta ce, to a nuna inda aka kashe. Ta bi layi-layi tana neman rasit, duk wanda babu sai ta ja masa biro. Daga nan ta tambaya a ina takardar ta ba da ikon cire jingina daga albashin ma'aikaciyar da ba ta tafi ko'ina ba. Lauyan ya duba, ya sake dubawa, ya ce babu.

Ni kuma na kawo maganar Jamus, na ce da a can ne, kwas na wata 3 ɗaurinsa shekara 2 ne, da na riga na gama. Ta ce, "Malama, nan ba Jamus ba ne, shekara 3 kika sa wa hannu." Tana da gaskiya, na karɓa. Amma maganar raguwa ba ta buƙaci dokar wata ƙasa ba. Ta tambayi manajan asibitin me suka biya kuɗin kwas su samu. Ya ce aikin shekara 3. Ta ce sun sami nawa? Ya ce shekara 2. Ta ce to kashi biyu cikin uku na abin da suka saya ya riga ya shiga hannunsu, ta yaya za a mayar musu da kuɗin duka su kuma riƙe aikin?

Dole in faɗi abin da manajan ya ce, domin ya shige ni. Ya ce rance suka ci suka sayo injinan, sun horar da mutum huɗu, ga ta uku tana tafiya, manyan wurare suna zaune suna jira ƙananan asibitoci su horar su kuma su kwashe. Ya ce in sashen ya rufe, majinyatan nan ina za su? Ba ƙarya ya yi ba, kuma majinyatan da yake magana a kansu na fi shi saninsu. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, da an ɗauko mana ko mutum ɗaya, da albashi yana zuwa a kan lokaci ba a taɓa shi ba, wallahi da na cika shekarar." Bai ce komai ba.

Jami'in ƙungiyarmu ya so mu ja a kan albashin wata 3 na lokacin kwas. Na ce a bar shi. A watannin nan ban yi musu aiki ba, karatu nake yi suna ciyar da gidana, kuɗi ne da suka fita da gaske. Aka tsaya a kan albashin wata 6. Saura wata 12 cikin 36, wato kashi ɗaya cikin uku, ya zama albashin wata 2 ke kaina. Jinginar wata 8 ta tashi kashi 80 cikin 100 na albashin wata, ga albashin ƙarshe da aka riƙe cikakke. Da aka cire su, abin da ya rage kashi 20 cikin 100 ne na albashin wata guda. A makon na biya, na karɓi rasit, da takardar da ta ce babu sauran komai tsakaninmu, da takardar shaidata.

Alhamdu lillahi. Amma ba zan ce na fita ba tabo ba. Kuɗin kiran dare da na ranakun hutu sun tafi, domin littafin da muke sa hannu yana wurinsu, aka ce ba a gan shi ba. Tabbatar da ni a sabon wuri ya yi jinkiri, na yi watanni a kan ƙaramin albashi ina biyan rancen 'yan uwa. Kuma tun da rigimar ta fara aka ba da umarni kada a bar ni in shiga sashen, don haka ban yi sallama da majinyatana yadda na so ba. Akwai wani tsoho da ba ya yarda kowa ya sa masa allura sai ni. An gaya mini ya daɗe yana tambaya.

Wasu da suka ji labarina suna cewa a haramta irin wannan yarjejeniya gaba ɗaya. Ni ban kai nan ba. Da babu ita, ƙaramin asibiti ba zai tura irina kwas ba, kuma da har yau ban san aikin da nake alfahari da shi ba. Wanda ya kashe kuɗinsa yana da haƙƙin ya ga amfaninsu. Abin da ba zan taɓa yarda da shi ba shi ne mutum ɗaya ya zama shi ne mai bin bashi, shi ne mai lissafi, shi ne alƙali, kuma albashin wanda ake bi yana hannunsa. A nan zaluncin yake shiga, ko da babu mugu a cikin masu yin. Akantan nan da Mama da manajan, babu wanda zan kira azzalumi a cikinsu, amma takarda marar adadi ta ba su damar rubuta wata 14 inda gaskiya wata 2 ce, kuma da na bi shawarar sayar da kaya da shi ke nan, babu wanda zai taɓa sani. Ina tunanin masu goge-goge da direbobi da masu gadi da ake yi wa irin wannan, waɗanda ba su da ƙungiya, ba su da Yayar da za ta nuna musu ƙofa.

Akwai kuma abin da ya shafi sana'armu musamman. Ma'aikaciyar da tsoron bashi kaɗai ya zaunar, ba ta iya cewa aiki ya yi yawa, ba ta iya cewa ruwan injin bai yi kyau ba a dakata, domin ta san ba ta da inda za ta. Ta huɗunmu, wadda ta rage, ta gaya mini akwai ranakun da ta ga abin da ya kamata ta yi magana a kai ta yi shiru. Bayan zaman sulhuna an daina yankar mata kashi 10, amma abin da aka riga aka tara ba a mayar mata ba tukuna, an ce sai wa'adinta ya cika.

Ƙaramar ma'aikaciyar nan da na koya wa aiki a watan notis, yanzu ita za a tura kwas. Ta turo mini takardar da aka ba ta, ta ce, "Anti, duba mini kafin in sa hannu." Wannan karon an rubuta adadi, abin da ba a yi mana ba. Muka zauna da ita muka rubuta buƙata uku: kowane wata da ta yi aiki ya rage kashi ɗaya cikin 36 na bashin, kada a taɓa albashinta muddin tana bakin aiki, kuma takardar shaidarta ta zauna a hannunta. Sun yarda da ta farko da ta biyu. A kan takardar shaida har yanzu ana ja, ita kuma ta ce ba za ta sa hannu ba sai an cire wannan layin.